Sabon Murhu da Ciwon Bayan Verne

Verne Tollefson ya ɗaga marfin murhun gashin, ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan yatsa, sannan ya kara kunne kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci. Matarsa Marlys tana bayansa, ta jingina da keken zuba kaya wanda har yanzu babu komai a cikinsa sai jakarta.

"To, likita, zai rayu?" in ji ta.

"Gwangwani ne. Gwangwanin madara aka shafa wa fenti aka yi masa ƙafafu."

"Haka ka ce da na baya."

"Shi ma gwangwani ne."

"Ashe kantin gwangwani muka zo. Da ka faɗa tun a gida, da na taho da mabuɗin gwangwani."

Ya matsa ga na gaba.

Kantin irin manyan nan ne na bakin gari, inda mutum zai sayi abincin kaji da bindigar farauta da wandon aiki bai fita ƙofa ba. Ga shi safiyar Asabar ce, ƙarshen watan Mayu. Ƙanƙara ta narke a tafkuna, saboda haka duk namijin da ke da a-kori-kura a arewacin jihar Minnesota ya tuna cewa shi jikan mafarauta ne. Layin kayan gashi ya cika da tsofaffi masu hular hana-sallah, kowa ya harɗe hannu a ƙirji yana kallon murhu, fuska a murtuke, sai ka ce jirgin sama aka ba su su zaɓa wa gwamnati.

Verne yana cikinsu tun kafin wasunsu su yi gemu. Duk shekara idan lokaci ya yi, sai ya jawo tirelarsa daga bayan gareji, ɗaki guda ne a kan taya mai gado biyu da tagar da ba ta rufuwa sosai, ya ɗaura ta a bayan mota ya nufi bakin tafki ya yi mako biyu yana kamun kifi. Marlys ta bi shi sau ɗaya a farkon aurensu. Ta dawo da kumburarriyar fuska saboda sauro, ta ce wanda ya gina gida mai ruwan zafi sannan ya biya kuɗi don ya kwana a cikin akwati, shi ya san laifin da yake tuba a kai. Tun daga nan yake tafiya da amininsa Harlan, ita kuma ta samu hutun mako biyu babu wanda zai tambaye ta inda safarsa take.

Bana dai babu Harlan. An binne shi a kakar da ta wuce. Kuma bana babu tsohon murhun.

Ranar Lahadin da ta wuce Verne ya gasa musu nama a bayan gida, suka ci, ya wanke hannu ya shiga kallon wasan ƙwallo. Da safe Marlys ta fita zuba wa tumatir ruwa, ta tarar da murhun yana huci, tukunyar gas ta ƙare ƙat, mariƙin marfin ya narke, rufin robar da ke jikin bangon gareji ya zazzago kamar kyandir. Da ta kira shi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce makunnin ne ya lalace, kayan yanzu duk haka suke. Murhun kuwa ya girmi 'yarsu.

Da a ce shi ke nan, da ta yi masa tsiya ta kwana biyu an wuce wurin. Amma akwai mabuɗin mota da ta tsinta a cikin firji. Akwai ranar da ya fita sayen kusa ya dawo bayan azahar babu kusa, ya ce hanya aka canza. 'Yarsu Kristin, da ke aure a garin Duluth, ta gama yanke hukunci ta waya, irin yadda 'ya'yan da ke nesa suka iya yanke hukunci: Baba ba zai tafi tafki shi kaɗai da tukunyar gas ba, kuma Mama ce za ta gaya masa. Yau. Kafin ya sayi komai.

Marlys ta ce to. Ta yi niyyar faɗa a wurin karin kumallo, sai ya tashi neman hula. Ta yi niyyar faɗa a mota, sai ya kunna rediyo. Yanzu ga ta tana tura masa keke.

"Wa nake gani kamar Tollefson? Ashe ba ka mutu ba?"

Wani ƙaton mutum ne mai jar rigar ma'aikatan kantin ya taho yana jan ƙafa ɗaya. Dwight Aune ke nan. Tare suka yi aiki da Verne a kamfanin takarda har ranar da aka rufe shi. Verne ya yi ritaya, Dwight kuwa ya ce zaman gida da matarsa ya fi tsayuwar wuni wahala, ya zo nan ya karɓi riga.

"Ina jira ka riga ni in ga ko wurin yana da kyau," in ji Verne. "Wannan rigar fa? Kamar tumatirin da ya wuce lokacin tsinka."

"Uwargida, sannu da haƙuri. Har yanzu kina fama da shi?"

"Na mayar da shi inda na samo shi, sun ce lokacin karɓar kaya ya wuce."

Dwight ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya tambayi abin da ake nema, Verne ya ce murhun tafiya, na tirela, wanda mutum zai ɗauka ba tare da ya kira 'yan kwana-kwana ba, amma ba abin wasan yara ba.

"Ina tsohon naka? Wancan baƙin da ya ga zamanin shugabanni da yawa?"

"Ya gaji."

"Ya gaji ƙwarai," in ji Marlys. "Har garejin ya taya shi gajiya."

Verne ya harare ta. Dwight bai lura ba, ya riga ya shiga wa'azi. Ya ce murhu ba shi ne magana ba, kowane murhu wuta yake yi. Maganar ita ce inda gas zai fito. Hanya uku ce. Ya ɗago wata 'yar koriyar kwalba ta ƙarfe, ba ta fi tulun shayi ba: wannan ka murɗa ta a gindin murhu, ka gasa abinka, idan ta ƙare ka sa wata. Ko kuma ka ɗauki babbar farar tukunya irin ta bayan gida ka haɗa da tiyo. Ko kuma, idan tirelarka tana da bakin gas a gefe, ka jona murhun kai tsaye da manyan tukwanen da ke gaban tirelar, waɗanda ke ba ka wutar girki da ɗumin ɗaki.

"Ajiye wannan kwalbar turaren," in ji Verne. "Ka gan ni da jakar makaranta? Ta masu zuwa shan iska da budurwa ce. Kana tsakiyar gashi ta mutu maka, kifi rabi ɗanye, kana murɗa kwalba kana ƙona yatsa. Ni da tirela zan jona."

A ranta Marlys ta ga tiyo ya taso daga tukwane biyu manya, ya bi ta ƙarƙashin gadon da zai kwanta, ya ƙare a makunnin da hannunsa ne kaɗai zai rufe.

"Me ya sa ba za ka jona da kamfanin gas na jiha gaba ɗaya ba?" ta ce. "Kifi nawa kake kamawa ne? Bara guda nawa ka kawo gida? Na ga kyanwa ta kalle su ta ba ka haƙuri."

"Bara iska ce ta yi yawa."

"Bara waccan kuma rana ce ta yi yawa. Kifin tafkin nan dai suna da uzuri."

Dwight ya jawo wani murhu mai jan marfi da ƙafafu masu naɗewa, ya ce wannan shi ake yayi, a jona shi da tirela kawai. Verne ya juya shi, ya duba wuyansa, ya yi tsaki.

"Kai Dwight, wa ya ba ka rigar nan? Dubi nan. Wannan dunƙulen ƙarfen aikinsa rage ƙarfin gas, ko ba haka ba? To gas ɗin tirela an riga an rage masa ƙarfi tun daga gaba. Ka rage abin da aka rage, me ya saura? Wutar da ko sigari ba za ta kunna ba. Sai dai a cire wannan a sa wani baki, ko a sayi wanda aka yi don tirela tun asali. Haka kake sayar wa mutane, su je daji su ci ɗanyen nama su zagi uwar kantin?"

"Ni dai abin da ke jikin kwali nake karantawa."

"Da ma a kamfani haka kake."

Ya ci gaba, yana nuna zaren bakin tiyo, yana bayanin wanda ake murɗawa hagu da wanda ake murɗawa dama, da yadda ake shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Wasu tsofaffi biyu suka matso suna gyaɗa kai. Marlys ta tsaya tana kallon mijinta. Babu kalmar da ta ɓace masa, babu inda ya yi tuntuɓe. Mutumin nan ne da ya yi shekaru yana kula da tukwanen tururi na kamfani ba a taɓa samun ko ƙuna ba. Sai ta ji haushin Kristin ya taso mata. Yarinya ta karanta abu biyu a waya ta zama likitan ƙwaƙwalwa. Wa bai taɓa mance murhu a kunne ba? Ita kanta ta taɓa ƙona tukunyar wake.

"To ga wanda aka yi don tirela," in ji Dwight, "amma ka sani, idan ka jona shi, tsawon tiyo ne iyakarka. Ba za ka ɗauke shi ka kai bakin ruwa ba."

"Ba matsala. Idan muna son gashi a bakin ruwa, Harlan zai zo da tasa tukunyar. Kullum yana da ita a bayan mota, shi da ba ya yarda da kayan kowa."

Dwight ma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Harlan, yana gaba, Verne yana bayansa. Dwight ya dubi Marlys. Tsofaffin nan biyu, da yake ƙaramin gari ne, suka ga wani abu mai ban sha'awa a can ƙarshen layi suka tafi dubawa.

"Zan ma kira shi in ji ko ya gyara injin kwalekwalen," in ji Verne. "Mutumin nan sai an..."

Ya tsaya. Hannunsa yana kan marfin murhun. Marlys ta ga abin ya iso masa, ta ga wuyansa ya yi ja tun daga kwalar riga har kunne. Ta san wannan jan. Rabon da ta gan shi tun ranar da aka kira su ofis aka ce an rufe kamfani.

"Harlan ko yana da rai ba zai ara maka tukunya ba," ta ce da ƙarfi. "Mutumin da ke ƙirga tsutsar kamun kifi kafin ya ba ka? Yana can yanzu yana rigima da mala'iku a kan wa ya taɓa masa kaya."

Dwight ya yi wata dariya da ta fi ƙarfin maganar. "Wallahi haka yake! Allah ya ji ƙansa, marowaci na gaske."

"Ɗansa nake nufi," in ji Verne, yana kallon murhun. "Ɗan Harlan."

"Ai mun gane," in ji Dwight.

Ɗan Harlan yana can nesa a jihar Texas, kuma ko a hoto bai taɓa riƙe fatsa ba.

Wayar Marlys ta yi ƙara a cikin jaka. Ba ta taɓa jin daɗin kiran Kristin irin na wannan lokacin ba. Ta ce su ci gaba da tiyatarsu, ta zagaya layi na gaba, inda aka jera kujerun naɗewa da fitilun daji.

"Mama, kin gaya masa?"

"Ina kwana, Kristin. Lafiya lau muke, na gode da tambaya."

"Mama, don Allah. Kuna ina? Ina jin hayaniya."

"Muna coci."

"Kuna kantin, ko? Kin bar shi ya je sayen murhu! Mama, mun yi magana. Kin ce za ki..."

"Na ce zan gaya masa yau. Yau ta ƙare ne?"

"Idan ba za ki iya ba, ba shi wayar."

"Ki gaya masa me? A tsakiyar kanti, a gaban Dwight Aune, wanda kafin la'asar duk garin ya ji? Ki ce Baba, ka miƙo mabuɗi, ka zauna a kujera ka jira mutuwa, ga rimot?"

"Ba haka na ce ba. Gareji ya kusa ƙonewa! Idan a tirela ne fa, yana barci a ciki?"

Kristin ta ci gaba da magana, ta kawo sunan wani likita, ta kawo abin da mijinta Todd ya ce, kamar akwai wanda ya taɓa neman ra'ayin Todd. Marlys ta sauke wayar daga kunne ta manna ta a ƙirji. Tsakaninta da layin murhu kanta ɗaya ce, kuma ta tsakanin kwalayen fitila tana hango gefen hular Verne. Ya rage murya, amma mutumin da ya yi rayuwarsa cikin ƙarar injuna bai san yadda ake raɗa ba.

"Dwight. Akwai wanda ke kashe kansa?"

"Kamar yaya?"

"Murhun. Idan an bar shi. Ya mutu da kansa."

"A cikin waɗannan ƙananan? Babu. Akwai wani agogo da ake ɗaurawa a tiyo, yana yanke gas idan lokaci ya cika, amma ba mu da shi a nan, sai an yi oda. Kuma ban san ko zai hau naka ba."

Marlys ta ji ana juya wani abu na ƙarfe.

"A ce wani ya jona da tirela. Wani dai. Ya gama gashi ya shiga ciki ya kwanta."

"To zai yi ta ci har tukwanen su ƙare. Kwana da kwanaki. Idan kuma iska ta hure wutar, gas ya ci gaba da fita..." Dwight bai ƙarasa ba.

"Na san wannan. Ni na koya maka. Wannan 'yar kwalbar fa?"

"Wannan? Kafin ka ci abinci ka yi barcin rana ka tashi, ta ƙare da kanta. Abin da mutane ke zaginta a kai ke nan."

"Kuma ba sai an ajiye murhun kusa da tirela ba."

"Ka kai shi bakin ruwa idan ka ga dama. Kan yashi."

"Hm," in ji Verne.

A ƙirjin Marlys muryar Kristin tana ta fita ƙanana-ƙanana, "Mama? Mama, kina ji na?" Marlys ta ɗaga wayar ta ce za ta kira ta, ta kashe. Ta daɗe tsaye tana karanta bayanin wata fitila da ba ta da niyyar saya. Duk watannin nan tana ɓoye masa mabuɗin da ta tsinta a firji, tana mayar da shi kan ƙusa kafin ya tashi, tana ganin ta iya. Ashe shi ma yana nasa ɓoyon. Gida ɗaya, mutum biyu, kowa yana gadin sirrin da ɗayan ya riga ya sani. Ta fyace hanci, ta gyara gilashinta, ta koma.

Ta tarar an ɗora wani ɗan ƙaramin murhu baƙi a cikin keken, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya, Verne kuma yana jera korayen kwalabe a gefensa.

"A'a," ta ce. "Me nake gani? Ranka ya daɗe, ba kwalaben turare ba ne waɗannan? Budurwa ka yi ban sani ba?"

"Bayana ne," in ji Verne, bai ɗago ba. "Wancan na tirela sai an durƙusa ƙarƙashi ana jona tiyo. Babbar tukunya kuma nauyi. Bayana ba zai ɗauka ba."

"Bayanka."

"Bayana. Tun hunturu yake damuna."

Mutumin da makon jiya ya sauke buhunan taki daga mota shi kaɗai, yana yi mata tsawa da ta ce a kira maƙwabci.

"Ai na lura," in ji Marlys. "Har tafiyarka ta canza. Kamar agwagwa."

"Tsufa ne, uwargida," in ji Dwight, yana goge gaban rigarsa da babu abin da ya same ta. "Ni ƙafa, shi baya. Kuma gaskiya ƙaramin ya fi. Wa zai gasa wa? Kifin da yake kamawa ko a kan cokali sai ya gasu."

"Kai dai kawo wani kwalin kwalaben, ka rufe mana baki."

Dwight ya tafi ɗaukowa. Marlys ta bi bayansa da kallo, ta san labari zai zaga gari ko ba zai zaga ba, ya danganta da irin mutumin da Dwight ya zama tun da ya sa jar riga. Da ya dawo ya ajiye kwalin, ya dafa kafaɗar Verne ya ce idan ya dawo ya kawo masa kifi ɗaya, ko na kanti ne, ba zai tona ba. Bai dubi Marlys ba. Ta ji ta yafe masa dukan surutun da ya taɓa yi a duniya.

A hanyar zuwa wurin biya ta tsayar da keken, ta ɗauko maganin sauro na fesawa, babba, ta jefa ciki. Ta ƙara na shafawa. Ta ƙara wata hula mai raga da ke rufe fuska har wuya.

"Sauro ba ya cizona," in ji Verne.

"Na sani. Ya san abin da ke da daɗi."

Ya dubi hular, ya dube ta. Suka biya, suka tura keken zuwa mota. Rana ta fito sosai, filin ajiye motoci ya cika da kwalekwale a kan taya da maza masu ɗaure igiya suna ba juna shawarar da ba wanda ya nema. Verne ya ɗaga kwalin murhun da hannu ɗaya zai jefa a baya, sai ya tuna, ya sauke shi, ya dafa ƙugu, ya yi nishi, sannan ya ɗaga da hannu biyu.

"Sannu," in ji Marlys. "Kar ka karye."

Suka shiga. Ya sa mabuɗi bai tayar ba.

"Hular ta wa ce?"

"Ta Fafaroma ce. Ranar Juma'a da wane lokaci za mu tashi?"

"Mu?"

"Ni da kai da bayanka."

"Marlys, ba na bukatar mai gadi."

"Wa zai yi gadinka? Ɓarawo ya sace ka ya kai ka ina? Ni tumatir ya ishe ni kallo, kuma Kristin ta ce za ta zo ta taya ni zama idan ka tafi, ita da Todd. Mako biyu da Todd, yana min bayanin yadda ake zuba kwanuka a injin wanke-wanke. Gara tafki."

Verne ya ɗan yi wani sauti ta hanci. Duk duniya babu abin da suka yi tarayya a kai kamar Todd.

"Babu ruwan zafi," ya ce.

"Za ka dafa min. Ka sayi murhu."

"Gadon Harlan gajere ne."

"Ni ma ban ƙara tsawo ba."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba, inda wani yake ƙoƙarin ja da baya da tirela matarsa tana ɗaga masa hannu yana yin akasin abin da ta ce.

"Idan mun dawo kuma," in ji Marlys, tana neman wani abu a jakarta, "za ka je ka ga likita. Saboda bayan nan."



"Saboda bayan," ya ce.

"Ya duba shi da kyau. Tun daga ƙasa har can sama inda ya ƙare."

"Ke dai bakinki ba zai kai ki aljanna ba."

"Ba da shi zan tafi ba, zan bar maka."

Ya tayar da mota. Suka bi layi a hankali har bakin titi, inda hanya ta rabu, hagu zuwa babban titin jiha, dama zuwa cikin gari. Babu mota ko ɗaya da ke zuwa. Verne ya tsaya. Ya kunna siginar hagu, ta yi ta ƙyaftawa, ya kashe. Ya dubi dama, ya dubi hagu, yatsunsa suna motsi a kan sitiyarin. Wani a baya ya danna ham.

Marlys ba ta dube shi ba. Ta sauke madubin gabanta tana gyara gashi.

"Bi dama," ta ce. "Ina so in tsaya gidan burodi kafin mu isa gida, na manta ban saya ba."

"Ke kullum sai kin manta wani abu," in ji Verne, ya karya kan motar dama.